Filin Jirgi a Gonar Kawu

Mijina ba mai ganganci ba ne. Da wannan zan fara, domin na gaji da jin mutanen da ko ruwan gidanmu ba su taɓa sha ba suna cewa ganganci ne ya jawo masa abin da ya same shi. Mutum ne da ba ya tayar da mota sai ya zagaye ta ya daddanna tayoyi, ko da kuwa nan da kasuwa za mu. Sau da yawa ina zaune a gaba ina tsaki, yara suna rigima a baya, shi kuwa yana durƙushe yana leƙen ƙarƙashinta kamar wanda ya yar da allura.

Injiniyan haƙa rijiyar burtsatse ne. Ya daɗe yana aiki da wani kamfani a kudu, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa sai ya ce shi gida zai dawo, ƙauyukanmu ma suna son ruwa. Muka tattaro muka zauna a Birnin Kudu, ni na ci gaba da koyarwa a firamare. To a can kudun ne wani Bature abokin aikinsa ya koya masa tuƙa irin ƙananan jiragen nan da ake hawa don nishaɗi kawai, har ya yi jarrabawa aka ba shi takardar izini. Na ɗauka dawowarmu gida ta raba shi da abin, ashe yana nan kwance a ransa. Shekaru bayan haka Baturen ya tashi komawa ƙasarsu ya sayar masa da nasa jirgin. Ni dai wata rana kawai na ga babbar mota a ƙofar gida ana sauke akwatunan katako.

Ranar da ya gwada haɗa shi ya kira ni in gani. Ƙafa uku gare shi, da kujeru biyu ɗaya a bayan ɗaya, inji da farfela a baya daidai ƙeyar mutum, a sama kuma fiffike ɗaya mai faɗi na wani irin yadi da aka ɗame a jikin bututun ƙarfe. Ba ƙofa, ba taga, ba bango.

Na ce, "Malam, wannan ne jirgin? Ai amalanke ne aka ɗaura wa tamfol."

"Malama, ke dai ba ki san abin kirki ba," in ji shi, yana shafa fiffiken. Haka yake kirana in zai tsokane ni.

Na yi dariya a lokacin. Amma da na koma ɗaki na zauna sai dariyar ta ɗauke, kuma tun daga wannan rana ban daina tsoron cewa abin nan ne zai mayar min da 'ya'ya marayu ba.

Jirgin yana son fili mai tsawo, shimfiɗaɗɗe, ba bishiyoyi ba wayar lantarki. A Wurno ya samu, wani ƙauye kusa da Birnin Kudu, gonar kawunsa, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwar ubansa. Doguwar gona ce mai rairayi, ɗorawa ɗaya ce tak a can ƙarshenta. Tare muka je aron, bayan an kwashe amfanin gona. Kawu ya saurare shi har ya gama bayani, yana ta murmushi, ko rabin bayanin ban ce ya gane ba.

Ya ce, "Ɗan nan, gona ai taka ce. Da rani me nake yi da ita? Awaki ne ke kiwo a ciki. Ka yi ta tashinka har ruwa ya sauka."

Iyakar maganar ke nan, ba a ƙara komai a kanta ba, ba a kuma sake tayar da ita ba. Mijina ya sa aka tumɓuke tushiyar kara, aka baje tsofaffin kunyoyin huɗa, aka daddaɓe ƙasar, aka kafa rumfar kwano a gindin ɗorawa inda jirgin zai riƙa kwana.

Wurno ta samu abin kallo. Duk Asabar da sassafe za ka tarar da mutane sun yi layi a gefen gona, har da tsofaffi masu dogara sanda. Babur ɗin sama suke ce masa. Da ya fara bi ta saman Birnin Kudu, wani dattijo malamin Islamiyyar unguwarmu ya zo har zaurenmu ya ce ba faɗa ne ya kawo shi ba, amma tsakar gidajenmu ba rufi, mata suna aikinsu yadda suka ga dama, bai dace namiji ya riƙa wucewa ta kansu ba. Ina bayan labule ina addu'a malamin ya ce a daina baki ɗaya. Ina! Mijina ya ba shi haƙuri, ya ce wallahi bai kawo hakan a ransa ba, daga ranar kuma sai ta kan gonaki da daji da kogi yake bi.

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi gaba da shi, na kai ƙara wurin yayarsa. Sai ya bari na gama tas, sannan ya fara yi min karatu. Ba ya tashi da rana tsaka, saboda zafi yana sa iska ta riƙa wurgi da jirgi. Ba ya tashi in ya ga ganyen ɗorawa yana kaɗawa da ƙarfi. Ba ya zuba masa man 'yan bumburutu, domin ana gauraya shi da kananzir, sai na gidan mai, shi ma sai ya tace. Duk gaskiya ne, haka yake yi. Amma ni ba ƙa'ida nake so in ji ba, so nake ya bari.

Wata rana ya ce, "Zo ki hau sau ɗaya. In kika sauko kika ce in bari, zan yi tunani."

"Tunani za ka yi, ba bari ba?"

"Ki dai hau tukuna."

Na hau don in samu bakin magana. Bayan la'asar ne. Ya sa na ɗaure gyalena a ƙugu don kada farfela ta fizge shi, ya kifa min hular kwano a kan ɗankwali, ya ɗaure ni tamau a kujerar baya. Na karanta duk addu'ar da na iya, na runtse ido. Abin ya yi ta girgiza yana gudu a kan gona har haƙorana suna haɗuwa, can sai girgizar ta ɗauke ɗif. Da na buɗe ido, ɗorawar Kawu tana ƙarƙashin ƙafata.

Ban san ƙasarmu tana da kyau haka ba. Duwatsun Birnin Kudu da na saba ɗaga kai in kalla, ga su can ƙasa kamar shanu kwance. Ga kogi ya janye ya bar farin yashi, ga lambunan rani kore shar a bakinsa. Ga hanyoyin ƙafa sirara sun fito daga kowane ƙauye sun nufi rijiya. Iskar sama sanyi gare ta alhali a ƙasa ana gumi. Duk abin da na bari yana cin raina a gida, rigimar makaranta, surutun dangi, sai na neme shi na rasa. Na ji yana ƙwala min magana ta cikin ƙarar inji yana nuna wani tankin ruwa a nesa, wai shi ya haƙa rijiyar wurin. Ban ga fuskarsa ba, ƙeyarsa kawai nake gani, amma na san dariya yake yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na ji daɗi. Da muka sauko ya tambaye ni, na ce, "Ba laifi." Ya kalle ni ya fashe da dariya. Daga nan bakina ya mutu. Tsoron bai tafi ba, sai dai na riga na san abin da yake nema a can sama, kuma na san ba ni da irinsa a ƙasa da zan ba shi.

Rani biyu aka yi lafiya. Da zafin bazara ya tsananta, gizagizai sun fara taruwa, sai ya kwance fiffiken ya kwaso komai ya kawo gida tun ruwa yana nesa. A na ukun ne aiki ya riƙe shi, kusan duk ranin bai tashi ba. Da ya samu sarari, bazara ta riga ta yi nisa. Ya gama wata rijiya a Fagam, can ɓangaren Gwaram, ya kuma yi wa hedimastan garin alkawari zai zo da jirgin ya sauka a filin ƙwallon makaranta. Na ce masa lokaci ya ƙure. Ya fita tsakar gida ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama, ya ce da saura, wannan ne na ƙarshe, yana dawowa zai kwance shi.

Da safe ya tafi, da niyyar dawowa da yamma. A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, a Fagam sai an hau wani tudu ake samun layi. Wajen la'asar ya kira ni daga kan tudun ya ce hadari ya haɗo, ba zai taso ba, zai kwana sai da safe. Na ce ya kyauta, har zuciyata na yaba masa. Daga baya hedimastan ya gaya mana hadarin nan ta gefensu ya bi ya wuce, iska kawai suka sha, ko ɗigo bai sauka a Fagam ba. Mu kuwa a nan ya juye. Ruwa ne na sosai, irin wanda ake jira a yi shuka. Na kwanta ina shaƙar ƙamshin ƙasa, hankalina kwance, mijina yana ƙasa ba ya sama.

Bayan sallar asuba na ji motsi a lungunmu. Maƙwabcinmu yana fito da shanun huɗa, garma tana karo da bakin zaure, matarsa tana ƙwala wa wani kira ya ɗauko iri. Ina tsaye da buta a hannu maganar Kawu ta faɗo min: har ruwa ya sauka. Na saki butar. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na sake kira, na sake, shiru. Na tura yara gidan maƙwabta, na zari gyale, na tari ɗan acaɓa na ce Wurno, kuma ya yi sauri.

Duk hanya gonaki cike suke da mutane. Ƙasar da jiya take fetal ba kowa sai awaki, yau ko'ina ka duba mutum ne a sunkuye. Maza da sungumi suna sara, mata da yara suna bi suna jefa iri suna rufewa da ƙafa, shanu suna jan garma. Kowa fuskarsa a sake, ana ta yi wa juna barka da ruwa. Ni kaɗai ce a hanyar nan ba na murna.

Tun daga nesa na hango baƙin sabuwar huɗa a gonar Kawu. Shanu huɗu ne a ciki, shi yana bayan garma ɗaya, babban ɗansa yana bayan ɗayar. A gicciye yake tayar da kunyoyin, kamar yadda yake yi kowace shekara don kada ruwa ya zaizaye masa ƙasa. Sun cinye fiye da rabin filin. Abin da ya rage guntu ne, daga inda suka tsaya zuwa rumfar kwano.

Na shiga gonar da gudu ina cewa, "Kawu! Kawu, ku tsaya!"

Ya ja igiya ya tsayar da shanun. "Lafiya, 'yar nan? Ko ina kwana babu?"

"Yana hanya, Kawu. Nan zai sauka."

Ya kalle ni, ya kalli kunyoyin. "Ai ruwa ya sauka," ya ce, kamar mai gaya min gari ya waye. "Shi ma ya gani. A mota zai dawo mana."

"In can ba a yi ruwan ba fa?"

Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Igiyar ta suɓuce daga hannunsa. Shi a wurinsa ba wani abu da ya rage a faɗa: aron gona na rani ne, ruwan shuka yana sauka aro ya ƙare, a wannan safiyar, ba gobe ba. Ko yaron goye a Wurno ya san haka. Bai taɓa kawowa a ransa cewa wanda ya rena da hannunsa zai buƙaci a aika masa ba. Mijina kuwa tun yana yaro makaranta ta ɗauke shi daga gona, a kunnensa maganar Kawu tana nufin wani lokaci can cikin damina.

Aka kwance shanu aka kore su gefe. Kawu ya shiga ƙwala wa mutanen gonakin kusa kira, suka zo da fartanya, muka hau baje kunyoyin, wasu da hannu wasu da ƙafa. Ni ma na cire takalmi na shiga. Amma jiƙaƙƙiyar ƙasa ce da garma ta riga ta juya, ko ka baje ta ba ta komawa yadda take, sai dai ƙafarka ta nutse. Ba mu yi nisa ba muka ji ƙarar.

Ya zo ƙasa-ƙasa ya wuce ta kanmu. Na ga hular kwanonsa ta karkata, yana duban gonar. Ya gani. Ya ɗaga sama ya yi wani dogon zagaye, na san wani wurin yake nema. To ina? Duk gonar da ba a huɗe ba akwai mata da yara a cikinta. Titi kuma ga motoci ga wayoyi. Kuma na san abin da sauran mutanen ba su sani ba: man zuwa da dawowa ya ɗauka da ɗan ƙari, tun da ba zai sayi na bakin hanya ba, ya kuma gaya min a waya ya ɗan zagaya da hedimasta a can.

Mutane kuwa da suka ji ƙara sai suka yar da aiki suka nufo mu a guje kamar yadda suka saba, suna murna, suna cika ɗan guntun filin da ya rage. Na yi ta ihu ina cewa su fita, har muryata ta dishe. Kawu, tsoho da shi, ya bi su da bulalar shanu yana duka. Sai da mijina ya sake zagayawa kafin wurin ya buɗe.

A zagayen ne injin ya fara tari. Ya miƙo ta ɓangaren huɗar, yana so ya tsallake kunyoyin ya dira daidai inda ƙasa mai tauri ta fara. Sai injin ya mutu. Wurin ya yi tsit, har ina jin iska tana kaɗa fiffiken. Yana ta saukowa a hankali, a daidaice, har na fara cewa ya tsallake. Abin da ya rage masa bai fi tsawon ɗaki ba. Ƙafar gaba ta caki ƙasa mai laushi ta kafe, jirgin ya yi tsalle ya kifa, injin da ke bayansa ya juyo ya danne shi.

Da aka ɗaga ƙarfen aka zaro shi, ba jini sosai. Idonsa biyu. Ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Aka ciro ƙyauren rumfa aka ɗora shi a kai, aka kai shi titi, aka tsayar da wata akori-kura. A baya muka zauna, kansa a cinyata, Kawu yana riƙe da ƙafafun da ba ya ji.

Can ya buɗe ido ya ce, "Kawu, na ɓata maka huɗa."

Tsohon nan ya saki wani kuka da ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba.

Sannan mijina ya ce da ni, "Malama, ban taɓa kowa ba ko?"

Na ce, "Ba ka taɓa kowa ba."

A asibiti an yi iya ƙoƙari. Washegari kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

Na yarda da ƙaddara, ba yau na fara ba. Amma ba zan yi ƙarya ba, a kwanakin nan na tsani ruwan sama, na tsani ƙamshin ƙasa, na tsani Kawu. Masu ta'aziyya suna shigowa suna ba ni haƙuri, suna fita ina jiyo su a tsakar gida suna cewa dama ai an faɗa. Ni ce na fi kowa faɗa, amma da na ji daga bakinsu sai na ji kamar in tashi in kore su.

Ranar addu'ar uku, da yamma, aka ce Kawu yana son ganina. Ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakina, shi da ya kamata ni in tsuguna masa. Ya zabge, idanunsa sun faɗa. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

"'Yar nan, jirgin yana nan tsakiyar gona inda ya faɗi. Ban bari kowa ya taɓa ba, dukiyar marayu ce." Ya sunkuyar da kai. "Damshin yana tafiya. In ban shuka gobe ba sai wani ruwan, ban kuma san ranarsa ba. Gidana duka gonar nan suke ci. Ba zan ja shi ba sai kin ce."

Kwana uku da rasuwar mijina, ga mutum ya zo yana min zancen damshi. Na so in ce ya tashi ya ba ni wuri. Sai na kalli ƙafafunsa, duk sun faffashe, na tuna yawan bakin da ke jiran tuwo a gidansa. Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma hakan ne ya fi ƙona min rai.

Na ce, "Ku ja shi, Kawu."

"Ina za a kai?"

"Ko'ina."

Bai tashi ba. Ya ce, "Ki yafe mini."

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta iso wurin ba tukuna, kuma na san ya gane.

Washegari da sassafe suka ɗaura wa shanun igiya suka ja jirgin zuwa gindin ɗorawa. Kawu ya tayar da kunyoyin da muka baje da waɗanda jirgin ya fasa, ya ƙarasa huɗar, ya shuka gero har inda mijina ya faɗi, bai tsallake ko'ina ba. Geron ya yi kyau a shekarar.